Kwalba a Kujerar Direba

Ƙarfe takwas jirgin ruwa ke amayo su a Ocho Rios,
huluna masu faɗi kamar faifai, fata na ƙyallin mai.
Ni Lenworth ina jingine da bas,
ina ƙirga kawuna kamar mai sarin kwakwa.
Goma sha huɗu yau. Ɗaya na jin jiri tun ba mu tashi ba.

Hanyar tudu murɗe take kamar hanjin akuya,
rake a hagu, ayaba a dama.
Novlette ta kama makirufo tana zuba:
"Za ku ga mutanen da almakashi bai san kansu ba,
ku sha miyar da gishiri bai taɓa shiga ba,
sannan ku yi wanka inda dutse ke zubar da hawaye."
Na ji wannan sau dubu.
Na canja giya.

A ƙofar ƙauye yana tsaye, kullum shi ne,
Ras Everald, gashi igiya-igiya har gadon baya,
furfura ta bi shi kamar toka.
Ja da ɗorawa da kore a wuyansa.
Yakan ce da su, "Maraba, 'ya'yan uwa ɗaya."
Ni ba ya ce mini uffan. Ni ma haka.
Ina ɗan shekara shida ya hau tudun nan
neman Habasha da hutun rai,
ya bar mana bashin haya da tukunya mai huji.

Ba na shiga. Nakan kwanta gindin mangwaro
ina jin ganguna uku,
babbar na bugawa kamar ƙirji bayan gudu.
Ƙamshin kabewa da citta da madarar kwakwa
ya zo ya same ni, in juya masa baya.
In na tashi, akwai kwalba a kujerata,
ruwan marmaro, sanyi na tsattsafowa a jikinta.
Shekara tara ke nan.
Shekara tara ina ɗura wa lagireto.

Yau Novlette ce ta tashe ni, numfashi sama-sama:
"Tsohon ya zame."

Matakala arba'in da biyu, ban taɓa taka ko ɗaya ba.
Gora ta yi rumfa, rana na shigowa tsinke-tsinke,
ga ruwan can yana ɓulɓulowa daga haƙarƙarin dutse,
garau, har kana ganin inuwar ƙananan kifi a kan yashi.
Shi kuwa zaune, idon sawu ya kumbura kamar gwanda,
baƙi sun kewaye shi, waya a hannu, ba su san abin yi ba,
amma bakinsa bai bar aiki ba:
"Ruwan nan ya daɗe yana tafiya cikin duhu.
Da ya fito, bai tambayi sunan mai sha ba."

Na durƙusa na goya shi.
Ashe ba shi da nauyi,
kwandon busasshen ganye ya fi shi.
Gashinsa jiƙe a wuyana, yana warin hayaƙin itace.
A mataki na ashirin ya sa baki a kunnena:
"Motar taka ba ta taɓa yin zafi ba, ko?"

Dariya ta kubce mini, saura kaɗan mu faɗi mu biyu.

Jirgi ba ya jiran kowa, ƙarfe biyar zai ɗaga.
Muka gangaro, baƙi na gyangyaɗi, gashi bai bushe ba.
Kwalbar na tsakanin cinyoyina, babu ko ɗigo.
Ɗanɗanon dutse da saiwa bai bar harshena ba.
Daidai kwanar majami'a allurar zafi ta fara hawa.
Novlette ta kalle ta, ta kalle ni.
Na rage gudu, na buɗe taga.