Sunaye Huɗu

Inna Habsu ba ta san baƙi ba.
Lissafinta a gaɓoɓin yatsu yake,
da ƙullin da take yi a bakin zane.
Shekara arba'in tana matsar tunkuza a Bagalam,
mai na tsiyaya, ƙuli na soyuwa,
har tafin hannunta ya yi kanta kamar gindin turmi.

Da tafiya ta matso, ta tara 'ya'yanta biyar.
Ta ce: shagunan nan uku na bakin kasuwa,
ɗaya ba naku ba ne, sulusina ne.
Hayarsa ta yaran da ake korowa daga lakwal ce
saboda kaye, saboda takalmi.
Kada ku ɗauki hotonsu.
Kada ku sa ɗan kowa ya durƙusa.

Baffa Sahabi ya kai takarda, aka buga hatimi,
wasiyyar tsohuwa ta koma gidauniya.
Ni aka danƙa wa littafin,
wai a jikoki ni na gado riƙon ƙwandalarta.

Bana Gulbi ya cika ya lashe lambuna,
gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙi gaba.
Haya kuwa tana nan inda take.
Na ƙirga da safe, na sake ƙirgawa da dare:
kuɗin na yara talatin da bakwai ne,
sunaye arba'in da ɗaya.

Muka zauna a zaure bayan isha'i,
Gwaggo Zuwaira tana ta waya daga Yamai,
muryarta na yankewa tana dawowa.
Baffa ya ce a soke daga ƙasa, shi ne adalci.
Na duba ƙasan.
Nafi'u, da aka ƙwace wa ubansa babur a hanyar Jibiya.
Zara'u, ta farko a lissafi,
mai ƙaurin man awara a cikin littattafanta.
Rabe da ƙanwarsa Balki,
masu karɓa-karɓa da silifa guda.
Na ce alƙalamina ya ƙafe.
Ba wanda ya yi dariya.

Kwana uku littafin na ƙarƙashin matashina.

Ran Laraba sai ga sallama,
dogon saurayi, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ban gane shi ba sai da ya yi murmushi,
wushiryar nan ta Shafi'u.
Shi ne ya faɗi birebe sau biyu,
shi ne Baffa ya kira zuba ruwa a rariya,
na saci jika goma na sa shi koyon gyaran famfon lambu,
na rubuta a littafi: kuɗin alli.

Ya zaro takarda naɗe da roba.
Ya ce: ba biya ba ne, ba na iya biya.
Na ji an ce an yi saura.
Kada ki faɗa musu daga ina.

Ban san wa ya gaya masa ba.
Maraɗi ba ta iya riƙe magana.

Na ƙirga a gabansa, ina jin kunya.
Jika goma sha shida, wasu sun tsufa har sun yi laushi.
Ya isa mutum ɗaya da rabi.

Rabi!
Inna, da kina nan da kin ƙulla bakin zane,
kin ce rabin yaro ai ba ya zuwa lakwal,
a tashi a nemo cikon.

Na cire 'yan kunnena, Gwaggo ta turo abin da ta turo,
Rabe da Balki suka shiga tare,
kowa da takalminsa.

Saura biyu.
Jibi ake komawa aji.
Na jiƙa gyaɗa, na aro turmi a maƙwabta,
hannuna bai saba ba, tun yanzu ya fara tashi.
Littafin yana buɗe a kan tabarma,
ban soke kowa ba.