Tauraro Ɗaya

Tauraro ɗaya na ba shi cikin biyar.
Daga hawa na sha huɗu a São Paulo na rubuta,
gahawa na hucewa, alƙalami na ɗaukar zafi:
"Wannan shiri miya ce da aka tsinka da ruwa.
Kuka ba dalili, dariya ba gishiri,
tagwaye sun ɓata tun kashi na uku,
kuma ko makaho ya san a coci za su haɗu."
Edita ya ce, "Valdomiro, ka kashe maciji ka sare kai."
Muka tafa.
Mu bakwai ne masu wannan harshe a duk birnin,
kowa na karanta kowa, kowa na gyaɗa wa kowa kai.

Ran Juma'a na sauka Recife,
ƙafar mahaifiyata ta kumbura, aka ce in zo.
Tara saura kwata layinmu ya ɗauke numfashi.
Mai gasa masara ta yayyafa wa garwashi ruwa,
Cícero mai faci ya bar taya a kwance cikin baho,
har karen maƙwabta ya ajiye haushi sai anjima.
Kowace taga shuɗin haske ɗaya, kiɗa ɗaya,
kamar an ɗinke unguwa da zare guda.

Talabijin ɗinmu gurguwa ce, ƙafa ɗaya ta gaza.
Na duƙa in ga abin da aka tokare ta da shi:
jaridata ce, ninki huɗu,
rabin fuskata na kallon siminti.

Dona Ednalva ta ce, "Na karanta kafin in ninke.
Ka iya magana, ɗana. Matsa, ka tare min Rosilene."

Na ce, "Mama, kin fa san ƙarshensa."
Ta ce, "Na san ƙarshen wake da shinkafa ma,
ban fasa ɗora tukunya ba.
Shekara arba'in ina goge zannuwan otal,
ban taɓa ganin mugu ya biya ko sisi ba.
Manajan da ya cinye mana kuɗin sallama
yana can bakin teku yana shan iska.
Amma nan, a akwatin nan, ƙarfe tara,
mugu na da ranarsa, an rubuta, ba makawa.
Kai kana neman abin da ba ka taɓa gani ba.
Ni ma haka."

Washegari na kunna mata nawa,
wanda na jera wa taurari biyar:
mutum a tsaye yana kallon ruwan sama,
minti goma sha ɗaya, bai ce uffan ba.
Ta daɗe tana dubansa.
"Allah sarki. Ba shi da kowa ne?"
Kafin ruwan ya tsagaita, barci ya sace ta.

Ban yi ƙarya a jarida ba, har gobe ina kan bakata.
Labarin rago ne, an yi masa ɗinkin gaggawa,
masu shi sun san yunwar mutane, suna sayar musu da alewa.
Sai dai wanda bai yini a tsaye ba
bai san daɗin kujerar roba ba.

Daren ƙarshe wuta ta ɗauke ana tsakiyar biki,
amarya ta buɗe baki ke nan za ta tona asiri.
Ihu ya tashi daga gida arba'in lokaci guda.
Cícero ya kinkimo batirin mota,
muka cika tsakar gidansa, gwiwa na gugar gwiwa,
wata tsohuwa ta miƙo min rogo ba ta tambayi sunana ba.
A cikin duhun nan wani ya ce da ƙarfi,
"Dakata, to wai waye uban yaron?"

Mama ta juyo ta dube ni.
Muryata ce.

Litinin na koma hawa na sha huɗu.
Tauraron na nan, ɗaya, ban ƙara ba.
Amma na bugo mata waya goma da minti biyar,
na tambayi ƙafa,
na tambayi magani,
na yi shiru.
Ta ce, "Direban ne. Je ka kwanta."