Ɓarawon da Bai Haura Katanga Ba

Ɗari biyu da arba'in na zuba
da kuɗin sallamata daga aikin gidan ruwa,
a bayan gidana nan Jega, inda rumbu yake a da.
Kiret shida kowace safiya,
har mai shayin tasha ya fara ce mini Alhaji
ban ko taɓa ganin cikin jirgi ba.

Da damina ta nutsa sai lissafi ya soma ramewa.
Shida ta koma biyar,
biyar ta koma uku da 'yan kai.
Buhun abinci kuwa ba ya kai magariba,
suna ci kamar masu ramuwar gayya,
amma ka ɗaga kaza, gashi kaɗai ka ɗauka,
ƙashin ƙirjinta kamar bakin lauje.

Na toshe ramin gafiya da fasassun kwalabe.
Na ɗana wa muzuru tarko, na kama kyanwar maƙwabta.
Dare uku ina kan turmi da tocila,
sauron fadama na karɓar rabonsa a ƙafata.
Ba wanda ya hauro.

Sai idona ya sauka kan Mande,
ɗan ƙanwar matata, mai ba su ruwa,
don na gan shi da sabon takalmi ranar kasuwa.
Ban ce ɓarawo ba.
Na dai karɓe makulli, na ce ya je ya huta.
Ya miƙo shi da hannu biyu,
bai tambayi dalili ba.

Ranar Laraba wata ja ta tsugunna gefen mazubin ruwa,
zankonta ya koɗe kamar tsohon ƙyalle,
fiffike a ƙasa, ido rabi.
Kafin ta zama mushe na sa mata wuƙa.
Luba na gyara ta a bakin rijiya,
sai na ji, "Malam, taho ka gani."

Hanji ta tsaga da reza.
Ga su nan, farare, dogaye kamar taliyar murji,
sun cunkushe hanya, suna motsi a natse,
ƙosassu,
ba su ma san an yanka mai masaukinsu ba.
Ga kiret ukuna.
Ga buhunan da na ciwo bashi a kansu.
Na fara ƙirge, na gaji a talatin da ɗaya.

Ana zaton wuta a maƙera.

Malamin dabbobi ya zo a babur, bai kalli kajin ba tukuna.
Ya tura ƙafa cikin ɓuntun shinkafar
da na shimfiɗa tun bazara,
ya juya, danshi ya taso da wari.
"Tun yaushe rufin nan ke yoyo?
Nan suke kashi, nan suke tsince,
ƙwan tsutsa ya fita ta baya, ya dawo ta baki.
Ba mai kwashe muku wannan?"
Na yi shiru.
Sau nawa Mande ya ce a sake ɓuntu,
ni na ce kuɗin amalanke ya yi yawa, a bari sai kaka.

Ya ba da garin magani a kaɗa a ruwa,
a maimaita in an yi makonni,
ƙwan kwanakin nan kuma kada a kai wa kowa.
Na haƙa rami na binne su da hannuna,
kowane na fashewa kamar a aljihuna.

Ta cikin kaza ɗan gari ya kore ta.
Wadda ta shiga ni fa,
ta cinye yardata da yaro tun daga ciki,
ina yawo da babbar riga ba wanda ya gani?

Da la'asar na ɗauki makulli da shebur biyu,
na bi ta bayan injin casa zuwa gidansu.
Na tarar yana wanke takalmin nan.
Uwarsa, ban tambaye ta ba, ta ce,
"Dakon albasa ya yi ta yi har ya saye shi."

Na miƙa makulli da hannu biyu.
Ya dubi shebur, ya dubi sama, hadari na haɗuwa.
"Baba," ya ce, "mu hwara da kusurwad da ka yoyo."