Zaren Sama da Zaren Ƙasa

Ni Rabe tela ne, shagona na 'Yar Kutungu,
tsakanin mai gyaran rediyo da mai sai da maɓallai.
Shekara ashirin da uku ina taka keke,
amma ƙofar makarantar ɗana sau ɗaya na taka ta,
ranar da aka rubuta sunansa.
Na ce musu ga shi nan, na juyo bakin aiki.

Takarda ta fari ta zo, Sada ya miƙo yana kallon ƙasa,
na ninke ta na jefa wajen ƙoshiya.
Ta biyu na goge man keke da ita.
Ta uku na fitar da wuyan kaftani a jikinta.
Na ce kuɗi ne, in ba na benci ba na kwanon rufi,
na ja tsaki.

Wata Laraba bayan la'asar
sai ga Malam Sanda da wando a leda,
wai ƙafar ta yi masa tsawo.
Sada na ganinsa ya shige bayan tarin shadda
kamar wanda ya ci bashin banki.

Muna gaisawa wata mata ta leƙo:
yadi huɗu da rabi ne, 'ya'ya uku, nawa kowa zai samu?
Kafin in lalubo tef a wuyana
murya ta fito daga bayan shadda:
ɗaya da rabi.
Malam ya yi shiru, ya ajiye ledar.
Ya ce, "Wannan na tambaye shi ran Litinin a takarda,
ya bar wurin fari fat, ko ɗigon maki."

Ya ce, "Ban san yana da wannan a kansa ba.
Kai kuma ka san yana barci a aji?"
Na sani mana, ko ban sani ba na san dalili.
Ni ke riƙe shi har sha ɗayan dare
yana datse zare, yana hura gawayin guga.
Yawu ya bushe mini a baki.

Ba mu yi rubutu ba, ba mu kira shaida ba.
Yaro zai tashi daga shago da kiran isha'i.
Littafinsa zan buɗe kullum ko da boko ya fi ƙarfina,
in ga inda jan biro ya sauka,
in ce karanta mini in ji,
in ɗiga masa alama da allin ɗinki.

Sati uku bayan nan Malam ya aiko in zo da tef.
Yara tamanin da wani abu, wasu a kan tagogi.
Gwiwata ta yi rawa, ni da ban gama aji uku ba.
Na auna hannun wata yarinya, Ma'u,
na ce a raba shi biyu, a sake rabawa.
Hannuwa suka tashi kamar gero a Agusta.
Sada bai ɗaga nasa ba,
ni yake kallo da mamaki.

Abin da na sani a sana'ata shi ne wannan:
in zaren ƙasa ya ƙare ba ka lura ba,
keke na ta ƙara, allura na ta sauka,
kana gumi, kana ganin kamar tafiya ake,
sai ka ɗaga yadin ka ga huji ne kawai a jere.
Shekara biyar Malam na zuba zaren sama,
ni na bar ƙoshiya ba kome a ciki.

Zangon nan Sada ya zo na sha tara, daga talatin da takwas.
Turanci har yanzu yana kai shi ƙasa.
Rufin ajin na nan yana yoyo,
na faɗa a taron iyaye, muryata na karkarwa,
wani mai kanti ya ce a bari sai bayan girbi.

Wandon Malam kuwa yana rataye a ƙusa, bai dawo karɓa ba.
Rannan na sauke shi na auna.
Daidai yake da ƙafarsa,
bai taɓa buƙatar ɗinki ba.