Rahoto a Kan Lamba Tamanin da Bakwai

Ƙarfe biyun dare, wani otal a Kearney, Nebraska.
Hita tana tari, kofi ya huce.
Na sake mai da faifan baya, karo na tara.

Corwin Haskew.
Ƙafa shida da inci biyar. Tafin hannu inci goma:
in ya damƙi ƙwallon nan mai siffar gwanda
sai ta ɓace, kamar an kifa mata kwano.

Aikinsa aikin jemage ne, ba tsuntsu ba, ba dabba ba.
Yana tsugunne a ƙarshen layi, kafaɗa da kafaɗa da ƙattai.
Yanzu a ce: zama katanga, tare wancan.
An jima a ce: saki, ruga, waiwayo, cafe.
Ƙirjin bijimi ake nema da idon shaho,
a fata guda, a albashi guda.

Cafewa kam, ya iya.
Hannuwansa ba sa jiran ƙwallo ta iso ƙirji,
su suke fita tarye, kamar masu baƙo.
Tarewa ce da saura.
Yana miƙewa da wuri, ƙugu a sama,
duk wanda ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi kamar buhun ƙaiƙayi.
Wannan koci zai gyara.
Yadi arba'in a daƙiƙa huɗu da ɗigo takwas,
wannan babu mai gyarawa.
Ga kuma gwiwar hagu, da tabon ɗinki kamar zif.

Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a,
auna 'ya'yan mutane da tef da agogo.
Na taɓa rantsewa a kan wani Tavian Rusk,
na ce in bai yi suna ba a karɓe makullin motata.
Yau taya yake sayarwa a Tulsa.
Ya gaishe ni bara, da fara'a. Hakan ya fi ciwo.

Da rana na tsaya ɗakin wanki,
wajen tsoho Lyle mai kula da riguna,
don koci yana tallar hajarsa ne,
mai wanki kuwa ba shi da riba.
Ya ce: "Yaron? Shi yake kashe fitila.
Uwarsa bas ɗin makaranta take tuƙawa a Ogallala,
duk Asabar tana nan, jere na sha huɗu, da bargo."
Sai ya ci gaba da ninke tawul.

Ga abin da ya hana ni barci.
Nuwamba, dusar ƙanƙara, an ba su ratar maki talatin da ɗaya,
saura minti uku, kujeru sun zama kango.
Ƙwallo ta bi dama, shi yana hagu.
Ba ruwansa. Da ya tsaya, babu mai tuhuma.
Amma ga shi can a kusurwar hoto,
yana tsallaka fili a kan gwiwar nan,
yadi talatin, don ya kare wani ɗan ƙaramin abokinsa
daga dukan da bai gani ba.
Ya faɗi. Ya tashi. Ya miƙa wa yaron hannu.
Ko mai sharhi bai ambaci sunansa ba.

Takardata tana da gida goma sha biyu:
gudu, tsalle, ƙarfi, lafiya.
Babu gidan wannan.

A Afirilu za su zauna a ɗaki mai sanyi,
sunaye a jikin allo kamar farashin hatsi,
wani mai kwamfuta zai ce lissafi bai ba da shi ba,
kuma ba ƙarya zai yi ba.

Na rubuta: zagaye na biyar.
Na dubi faifan. Na tuna Tulsa.
Na goge.
Na rubuta: na uku,
na sa hannu da sauri, kafin gari ya waye
hankali ya dawo mini.