Hular da Ta Ƙi Kai

Shekara talatin da ɗaya ina bakin sikeli a Wad Madani,
auduga na zuwar mini buhu-buhu,
in ɗora, in duba allura, in rubuta.
Ban taɓa tambayar ta inda za ta ba.
Fara ce, tana da nauyi, iyakar sanina ke nan.

Da aka sallame ni da agogon bango da takarda
na koma Mai Wurno, na zauna bakin gado
ina ƙirga kwale-kwale a Nilu, har na koma ƙirga balbela.
Hannun da ya saba aiki ba ya jin lallashi,
ya ɓare gyaɗa, ya karya tsinke,
ya sosa inda babu ƙaiƙayi.

Wata Laraba ina neman ƙusa a ɗakin shirgi
na ci karo da taskirar Goggo Yalwa.
Mazari biyu, ɗaya ya rabu da gululunsa,
guntun alli da yatsa ya ci har ya yi kwarmi,
da sutu guda wanda tsufa ya rina ja,
an fara jan sa aka ajiye,
kamar an yi mata sallama a zaure ta ce tana zuwa.

Zaren farko ya tsinke sau tara kafin la'asar.
Na biyu ya fito nan ƙato, nan siriri,
kamar hanyar Sinja bayan ruwan sama.
Shekarau ya leƙo ta katanga:
"Kaɗi kuma? Da gemunka?"
Na ce gemun ma fari ne,
in auduga ta ƙare da shi zan ƙarasa.

Inna Gaje, wadda ido ya fara yi wa rowa,
da kunne ta kama ni.
"Wa ke wahalar da mazari a gidan nan?
Kana murza shi kamar kana bin sa bashi.
Ba a fizgar auduga, lallaɓa ta ake yi.
Shafa alli. Saki kafaɗa. Bar lissafi."
Bar lissafi!
Ni da lissafi ya ciyar, ya aurar, ya yi wa rufin kwano.

Amma na bari.
Sai wata asuba mazari ya tsaya da ƙafarsa a tasa,
yana gunji ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma a rami,
zare na fita daga yatsuna, ban san lokacin da shayi ya huce ba.

Dunƙule uku na tara.
Jikata Ihsan ta koya mini kwarashi tana danne dariya,
na auna kan ƙaninta Muzammil a watan Rajab,
na ƙulla alama a zare.
Na saƙa, na warware, na saƙa,
azumi ya zo ya wuce, layya ta zo ta wuce,
ran da na datse bakin zare na aika a kira shi.

Ashe kan yaro ba ya jiran kakansa.
Hula ta hau ƙoli ta zauna kamar murfin tulu,
ya girgiza sau ɗaya, ta faɗo cikin kwanon miya.

Sakina ta wanke ta, ba ta ce uffan ba.
Washegari na gan ta kife a kan jabana,
gahawa na ciki da zafinta har hantsi.
Baƙi suna tambaya a wace kasuwa aka samo.

Jiya na ɗora ta a tafin hannuna,
hannun da ke faɗin nauyin buhu kafin sikeli ya faɗa.
Ba ta kai ta motsa allura ba.
Na daɗe ina riƙe da ita.

Yau na sake auna kan Muzammil.
Na ƙara yatsa biyu,
Inna Gaje ta ce in ƙara uku.