Saƙon da Ya Kwana a Ƙofa

Biyu saura na dare, a Aboabo,
saman shagon Mutawakkilu mai ajiyar kaya.
Fanka tana juya zafin da ta juya jiya.
Daga ni sai allo, sai ragowar dokunu a leda.

Aikin ba shi da wuyar faɗa:
mota ta sauke albasa daga Bawku,
rumbun bayanai ya rubuta, ya yi kira,
ɗan rubutun umarnina ya ji,
ya tura wa mai kaya saƙo a waya.
Shi ke nan.

Amma buhu arba'in na Hajiya Sahura
sun iso da hantsi,
saƙonta bai fita ba sai bayan la'asar,
daidai lokacin da doyar wani ta shiga lissafi.
Ta hau matakala da kanta, tana haki,
ta ce, "Yarinya, na'urar nan taki
sai ta yi sabon baƙo take tuna sallahu?"

Na zargi layi. Na zargi wutar da ake ɗaukewa.
Na zargi agogo.
Afriyie ya ce in kashe in kunna. Na kashe, na kunna.
Daga baya na sa kowane mataki ya bar sawu da daƙiƙarsa,
na bi su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.

Ga shi nan.
Rumbu bai makara ba ko da ƙiftawar ido.
Goma da minti shida ya yi sallama.
Saƙon ya zo, ya tsaya a ƙofa da takalmansa a hannu.
Na cikin ɗakin kuwa, wanda na rubuta da yatsuna,
ba ya leƙowa sai yana da buƙata:
sai ya fito tambaya
yake tuntuɓe da labarin ɗazu.

Layi huɗu na ƙara.
Na ce masa: zauna nan, ka kasa kunne,
ko ba ka da abin roƙo.
Na shigar da buhun ƙarya guda, da lambata.
Wayata ta yi ƙara kafin in ɗage yatsa.

Na ɗauke ta ina murmushi.
Ƙarƙashin buhun ƙaryar akwai muryar Inna,
daƙiƙa hamsin da biyu, tun ranar Talata,
ba a buɗe ba.
Rabona da ita tun da na tambaye ta
inda ta ajiye takardar haihuwata.

A ƙasa mai koko ta fara hura gawayi.
Na rufe allon.
Na kanga wayar a kunne.